Majalisar Sifikar da Ta Ƙi Magana

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, rani ya daina zama lokacin zaman banza a yankin Kura, Bunkure da Madobi. Da kuɗin tumatir ya faɗa aljihun saurayi, sai ya nufi kasuwar Sabon Gari a Kano, ya sayo allon amfilifaya da tsofaffin sifikun mota biyu, ya sa kafinta ya buga masa akwati, ya jona batirin babur. Ya kunna, shiru. Kafin ya ɗago kai majalisa ta cika.

Mai duka ne ke fara isowa. Ko sallama bai ƙarasa ba ya ɗirka wa akwatin tafi. Abin haushin, wani sa'in sai sauti ya taso, domin dalmar da ba ta kama waya sosai ba ta taɓa ta saki. Wannan nasara ɗaya ita zai riƙa ba da labarinta har ga jikokinsa.

Bayansa sai mai hanci. Shi ba ya duba komai, sunsunawa yake yi, ya girgiza kai ya ce, "Malam, aisi ya ƙone." Fitila ce, fanka ce, rediyo ce, duk aisi ne. Ka ce ya nuna maka aisin, sai ya ɗora yatsa a kan kwandensa.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne mai injin ban ruwa. Ya shekara yana jan ruwa daga kogi zuwa fadama, saboda haka a wurinsa duk abin da ya ƙi tashi iska ya sha. Zai tambaya ko an duba fulogi, ko waya ta toshe a ciki, har ya kawo shawarar a hura mata baki. Da za a bar shi da ya ɗura wa amfilifayar ruwa ta sama kafin a ja igiya.

Akwai mai cewa jan waya da baƙa duk ɗaya ne, "ai wuta ba ta san launi ba." Da sifika ɗaya ce da ya tsira. Amma in biyu ne aka juya wa ɗaya ƙafafu, takardar fuskar wannan tana turowa waje ta waccan tana komawa ciki, sai kaurin sautin ya ɓace, ganga ta koma kamar ana kaɗa gwangwanin madara. Gwajin kuwa ba ya cin kuɗi: ka taɓa wayoyin sifika da ƙaramin batirin tocila mai bolt 1.5. In takardar ta turo waje, wayar da ke kan ƙwanƙwan batirin ita ce ja.

Mafi haɗari dai shi ne mai son ƙari. Burinsa a ji kiɗan biki har garin Kwankwaso, don haka a ƙaro sifika, a murɗe wayoyin wuri guda. Bai san cewa sifika biyu masu om 4 in aka haɗa su haka sun koma om 2 ba, nauyin da ƙaramar amfilifaya ba ta iya ɗauka. Ta ɗau zafi, hayaƙi ya tashi, mai hanci ya ce, "Ba na faɗa muku ba?"

Can gefe wani dattijo na kan buzu yana cewa rediyonsa ta National ta shekara talatin ba ta yi tari ba, kayan yanzu ne ba albarka. Ba wanda ya tanka masa.

Mai gyara na gaskiya ba ya yawan magana. Ya auna batir da mita, ya taɓa mashigar sauti da ɗan yatsa. In ya ji gurnani, ya san amfilifaya da sifika lafiya lau, matsalar tana baya, a igiya ko a wayar salula. Sau da yawa ma kafin ya kai nan wani yaro ɗan firamare ya ce, "Yaya, ai ka rage muryar wayarka gaba ɗaya," a kore shi don ya sa baki a maganar manya.

In kana cikin majalisar nan, don Allah ka matsa baya, ka daina tare wa mai gyara haske.