Sannunku da Aiki, Gwanayen Damfara

Turawan Amurka ba su iya damfara ba. Duk wanda ya zauna ya kalli The Rockford Files, shirin binciken nan da tashar NBC ta riƙa nunawa daga 1974 zuwa 1980, sai ya tausaya wa 'yan damfarar cikinsa. Wahala suke sha kamar masu neman halak. Sai sun kama hayar ofis, sun buga takardun kamfanin da babu shi, sun ɗinka kwat, sun nemo abokan aiki kowa ya haddace abin da zai faɗa, duk don su yaudari wani attajiri guda. Bayan wannan ɗawainiya, kafin awa ɗaya ta cika, Jim Rockford ya gano bakin zaren. Shi Rockford ɗin, wanda James Garner ya fito a matsayinsa, tsohon fursuna ne da aka ɗaure kan laifin da bai aikata ba, daga baya aka yi masa afuwa. Yana zaune a cikin tirela a bakin teku a Malibu, yana karɓar dala 200 a wuni ban da kuɗin zirga-zirga, yana kuma yawo da 'yar na'urar ɗab'i a mota don buga wa kansa katin shaidar duk aikin da yake so a ɗauka yana yi. Abokinsa Angel Martin, da suka yi zaman kurkuku tare, shi ne mazambacin da masu kallo suka fi ƙauna: ga baki, ga tsoro, kullum da sabuwar dabara, kullum kuma a kansa take ƙarewa.

A nan gida ma marigayi Ken Saro-Wiwa ya raina ku. A shirinsa Basi and Company, wanda NTA ta nuna a shekarun 1980, Basi yana kwana yana tashi da mafarkin zama miloniya ba tare da ya yi gumi ba, kuma duk makircin da ya ƙulla sai ya warware kafin a rufe shirin. An yi ta dariya daga Legas har Kano. Marubucin ya ɗauka in aka mayar da ɗan damfara abin dariya, mutane za su guji halinsa. Bai san ku ba, ranku ya daɗe. Ku da kuke aiki a ƙasar Rogo da Ƙaraye, daga Jajaye zuwa Zarewa, daga Fulatan zuwa Beli, kun nuna wa duniya cewa sana'ar nan ba ta bukatar ofis, ba ta bukatar kwat, kuma ba kasafai ake kama mai ita ba.

A fara da mai aljanu, don shi ne limamin tafiyar. Jarinsa duka layin waya ne guda da maƙogwaro. Yana jira sai dare ya raba, lokacin da mutum ya farka a firgice hankalinsa bai gama dawowa jikinsa ba, sannan ya kira. Muryar ta shaƙe, ko ta yi siriri kamar ba ta ɗan Adam ba. Ya yi cikakkiyar sallama, ya yi salati, ya ce daga wata duniya yake magana, an duba duk garin ba a ga mai tsarkin zuciya irin wannan baiwar Allah ba, kuma akwai dukiyar da aka ajiye mata tun zamanin kakanni. Abin da ya rage kaɗan ne: kuɗin turare, kuɗin rago, sadakar marayu, a tura ta katin waya ko ta wannan asusun. Sai kuma sharaɗin da ya nuna zurfin iliminsa: kada ta gaya wa kowa, ko mijinta, ko ɗanta, in ba haka ba ta haukace ko ta rasa ɗan autanta. Wane marubucin fim ne a Amurka ya taɓa tunanin haɗa kwaɗayi da tsoro da sunan Allah a cikin kira guda? Tsohuwa ta sayar da akuyarta, ta ɗauki kwasan adashenta, ta ciro 'yan kunnen da ta ajiye don auren jikarta, tana yi tana godiya da aka zaɓe ta. 'Yan sanda a Kano da Katsina sun sha gabatar wa manema labarai irin waɗannan aljanu, sai a ga samari ne da silifa, amma wannan bai rage darajar aikin ba, don ana kama ɗaya goma suna sayen sabon layi.

Abin da ya fi burge ni da ku shi ne sanin lokaci. Malamin gona bai kai ku sanin kalandar manomi ba. Da damina, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa kowa yana lissafin kwanon masara, ba a jin ɗuriyarku. Da kaka ta yi, aka fara sussuka, masara da dawa da waken soya suka shiga buhu, rake ya isa sara, sai ga ku kamar an yi muku shela. Shekarar 2023 kuwa ta zame muku idi. Canjin kuɗin da Babban Banki ya sanar a watan Oktoba na 2022 ya sa takardar naira ta ɓace daga hannun mutane a farkon 2023, manomin da bai taɓa yarda da kuɗin da bai riƙe a hannu ba aka tilasta masa karɓar taransifa. Sai ga mai saye da babbar waya da fara'a, bai ko tsaya dogon ciniki ba, ya ce Baba, duba wayarka, alat ya shigo. Baba ya ji ƙara, ya ga lambobi, bai iya karanta sauran ba. Aka loda buhuna, mota ta kama hanya, ko Dawanau ta nufa ko Maƙarfi, Allah kaɗai ya sani. Washegari Baba ya je wurin mai POS, yaron ya duba ya sake dubawa, ya rasa yadda zai gaya wa sa'an kakansa cewa babu ko sisi. Noman shekara guda ke nan, da kuɗin taki da na ƙwadago da bashin da aka ci a kansa, kuka kwashe da saƙon waya ɗaya. Ina Angel Martin zai iya wannan?

Akwai kuma masu haƙuri a cikinku, waɗanda ba sa gaggawa. Mai cakuɗa taki da yashi ya ɗinke buhu ya buga masa tambari, ya san asirinsa ba zai tonu ba sai bayan wata biyu, lokacin da masara ta yi rawaya ta ƙi tashi, manomi kuma ya ɗora laifin a kan ruwa ko a kan ƙasa. Masu noman rani a bakin dam ɗin Challawa sun san takwaransa mai maganin feshi, wanda tsutsa ke sha ta ƙara ƙiba. Ga mai fom ɗin tallafi, da yake bi gida gida da jaka da biro, yana rubuta sunayen zawarawa da marayu, yana karɓar kuɗin rajista da lambar BVN, daga baya a kira a ce daga banki ne, a karanto lambar da aka turo yanzu. Ga mai bizar Saudiyya. Ga mai sayar da takardar ɗaukar aiki, wanda shi ne ya fi kowa sanin zuciyar uba. Ya san a Kusalla, nan Ƙaraye, ake horar da masu yi wa ƙasa hidima na Jihar Kano, ya san yaran ƙauyukan nan suna ganin kakin suna buri, ya kuma san yawan waɗanda suka gama hidimar suka dawo gida suna zaune a dakali. Sai ya zo da labarin gurbi a kwastan ko a wata ma'aikatar tarayya, saura mutum ɗaya, kuma Juma'a za a rufe. Uba ya jinginar da gonar gado. Yaro ya ɗinka sababbin kaya, ya yi sallama da dangi, ya hau mota zuwa Abuja da takarda mai hatimi, a bakin ƙofa mai gadi ya duba ta ya girgiza kai. Wannan yaron zai dawo gida ya kalli mahaifinsa, kuma ku ne kuka shirya musu wannan haɗuwar. Madalla da ku.

Manyanku na birni sun riga sun shiga tarihi. Emmanuel Nwude ya sayar wa wani jami'in bankin Noroeste na Brazil filin jirgin saman da ba a gina ba a Abuja, ya karɓi dala miliyan 242 tsakanin 1995 da 1998, kuma sai a 2005, zamanin Nuhu Ribadu a EFCC, kotu ta same shi da laifi. Amma ni a wurina MMM ta fi shi basira, don Nwude banki ya cuta, ita kuwa talaka ta sa ya cuci ɗan'uwansa da hannunsa. Tsarin na Sergei Mavrodi ne, ɗan Rasha da aka riga aka ɗaure a ƙasarsa kan irin wannan aiki, ya yi alkawarin ribar kashi 30 cikin ɗari a wata. Babu gona, babu masana'anta, babu haja. Kuɗin wanda ya shigo yau ake ba wanda ya shigo jiya, kamar yadda Charles Ponzi ya yi a Boston a 1920. Na farko ya samu da gaske, ya sayi babur, kowa ya gani da idonsa. Shi ne zai je ya kawo ƙaninsa, da surukinsa, da abokin karatun allonsa, yana rantsuwa da Allah, kuma ba ƙarya yake yi ba, an biya shi. Da aka rufe asusun mutane a watan Disamba na 2016, hukumar inshorar ajiya ta NDIC ta ce kimanin 'yan Najeriya miliyan 3 sun yi asarar naira biliyan 18. Mavrodi ya mutu a Mosko a 2018 ba tare da ko ɗaya daga cikinsu ya taɓa ganinsa ido da ido ba. Wanda suke gani kullum a masallaci shi ne ɗan'uwan da ya kai su. Akwai gidajen da har yau wa da ƙani ba sa gaisawa saboda wannan. Kuma don kada a ce darasin ya shiga, a watan Afrilu na 2025 wani tsari irinsa mai suna CBEX ya maimaita shi, da alkawarin ninka kuɗi cikin kwana 30, aka sake yin layi.

Ba zai yiwu a yabe ku a manta da masu taimaka muku ba, wato mu. Babban mai gadinku kunya ce, kuma mu muke ciyar da ita. In aka yi wa mutum fashi, gari ya cika gidansa da jaje. In aka damfare shi, sai a taru a majalisa a ce ai kwaɗayi mabuɗin wahala, wa ya aike shi, da girmansa da furfurarsa. Don haka dattijo ya haɗiye abin, ya ce wa iyalinsa bashi ya bayar, hawan jini ya kama shi, a ce tsufa ne. Matar da aljani ya kira ba za ta faɗa ba ko da ta gane, don tana tsoron kishiya ta ji. Shirun nan shi ne ke ba ku damar shiga gida na gaba da labarin da bai canja ko kalma ɗaya ba. Mutanen nan ba wawaye ba ne. Talauci ne ya matse su, suka kuma tashi a cikin tarbiyyar da ta koya musu cewa wanda ya yi sallama ya ambaci Allah ba a fara zarginsa. Wannan kyakkyawar ɗabi'ar kuka mayar jari, kuma saboda ku yanzu baƙon kirki ma in ya tsaya tambayar hanya sai a yi masa kallon ɓarawo.

Wanda ya daure ya ce zai bi haƙƙinsa kuwa, ya ga aiki. Ofishin EFCC yana Kano, tafiyar sa'o'i daga Jajaye, kuɗin mota zuwa da dawowa ya isa cefanen kwanaki, kuma ba zuwa ɗaya ake yi ba. Layin da aka kira shi da shi an jefar, asusun da ya tura kuɗin da sunan wani bawan Allah aka buɗe wanda bai san an yi ba. Rockford dala 200 yake karɓa a wuni, ga mutumin da aka raba da kuɗin masararsa kaf. Dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi ɗaurin shekara 10 ga masu tsarin Ponzi, doka mai kyau a takarda, amma mai tura alat ɗin ƙarya a kasuwar ƙauye ya san ba da shi take ba.

Sa'an nan in ɗayanku ya dawo gari da mota mai baƙin gilashi, babu mai tambayar wace sana'a yake yi. Maroƙa su wasa shi, a ba shi sahun gaba a ɗaurin aure, ya sayi tabarmi da lasifika ya kai masallaci a yi masa addu'a da sunansa, iyaye su riƙa nuna wa 'ya'yansu shi suna cewa ga sa'anku can ya zama mutum. Yaron da ke yini a gonar rake yana jin wannan, yana kuma lissafi.

Ƙorafina ɗaya ne a kanku, gwanaye: tawali'unku ya yi yawa. Kuna aiki da dare, kuna canja layi, kuna ɓoye fuska, ba ku bari a gode muku yadda ya kamata. Ku daure ku zo Jajaye da kanku ranar Juma'a bayan an sauko, ku tsaya a ƙofar masallaci ku faɗi sunayenku. Baba mai masara zai zo, tsohuwa mai akuya za a riƙo hannunta, uban da gonarsa ke hannun jingina shi da ɗansa suna nan ba su je ko'ina ba. Sun daɗe suna son su gan ku.