Bakano, Ajiye Tiyar Nan Ka Sha Rake

Alhaji Tiya, bawana na Kano, ina gaisuwa. Na fara gaishe ka ne saboda haka ubangida nagari yake yi wa bawansa, kada ka ɗauka matsayinka ne ya ƙaru. Tun da ruwa ya ɗauke kake kirana a waya, sau uku a mako, ban taɓa jin ka tambayi lafiyar iyali ba. Daga sallama sai, "Nawa masara ta kwana a Giwa?" Rannan na ce maka tsohuwa ba ta jin daɗi, ka ce Allah ya sawwaƙe, kafin in rufe baki da amin har ka ɗora da maganar waken suya.

To, kaka ta yi. Na san a Kano babu mai lokacin sanar da kai, domin ku ba ku gane shigowarta sai kun ga manyan motoci sun toshe hanyar Katsina a bakin Dawanau. Bari ni in ba ka labarinta kyauta, ko da yake na san abin da aka ba Bakano kyauta sai ya juya shi ya duba ko da rami a ƙasa.

Da asuba yanzu sai ka jawo mayafi. Iska ta juya, tana zuwa daga gabas a bushe, amma hazo bai sauko ba tukuna, don haka idan ka tsaya a bayan ganuwa za ka hangi dutsen Kufena tar, kamar an wanke shi. Dawa ta yi nauyi ta sunkuyar da kai. An karya masara an baza ta a rana. Harawar wake da ta gyaɗa an ɗaure an jera a kan rufi da rassan itatuwa, ƙamshinta har cikin ɗaki. Yara na bin gonakin da aka cire gyaɗa suna kala, kowa da ɗan kwanonsa, babu mai korarsu, tun kaka da kakanni abin da ya saura a ƙasa nasu ne. Da yamma shanu za su shigo gonar da aka gama kwashewa, su ci kara su bar mana taki. Da dare kuma ka ji kalangu daga nesa, ko dai 'yan dambe sun sauka a wani ƙauye, ko ana kai amarya, don duk auren da aka ɗaga tun bazara da cewa "sai kaka", yanzu ne ake cika alkawarinsa.

Duk wannan kai ba ka taɓa gani ba. Kai ne mai sayen amfanin gonar rabin Arewa, amma ina da tabbacin rabonka da cin dafaffiyar gyaɗa mai zafi, wadda aka tono da safe aka dafa da hantsi, tun kana makarantar allo. Gyaɗar da ka sani ita ce wadda ake sokawa da ƙarfe a buhu, a zubo 'yan ƙwayoyi a tafin hannu, ka ciza ɗaya, ka yamutsa fuska ko da ta yi kyau don a rage maka kuɗi.

Maganin da na yanke maka shi ne rake, kuma na Maƙarfi. Na zaɓe shi da dalili. Rake sai da hannu biyu ake shansa, saboda haka dole ka ajiye waya. Baki yana cike, ba damar taya kaya. Ba a yi masa gaggawa, wanda ya yi gaggawa dasashinsa ne zai ba da labari. Gaɓa ɗaya bayan ɗaya ake bi, daga gindi inda zaƙin yake, har a zo kai inda ya fara salancewa, a nan mai hankali yake tsayawa ya ba akuya sauran. Kara ɗaya zai zaunar da kai wajen rabin awa ba ka ci ribar ko sisi ba. Na san a lissafinka wannan hasara ce, amma a cikin rabin awar nan za ka ji kukan kurciya, ka lura cewa ɗan autanka ya yi wushirya, abin da kowa a gidan ya sani sai kai.

Kada ka ce ban san darajar buhu ba. Na san tarihinku da shi, wataƙila ma fiye da kai. Lokacin da layin dogo ya isa Kano a 1911, kuma ka tuna sai da ya biyo ta Zariya ya gaishe mu, Turawa auduga suka sa rai zai riƙa kwasowa. Kakanninka suka buga lissafi suka ga gyaɗa ta fi tsoka, suka juya mata. A nan na sara musu. Su Alhassan Ɗantata suka tara buhuna har aka yi dala, aka ɗauki hotonta ta zaga duniya. Sai fari ya zo a farkon shekarun 1970, a 1975 kuma wata cuta da ƙananan ƙwari ke yaɗawa ta bi gonakin gyaɗa ta lalata su, ga kuɗin man fetur ya ɗauke hankalin hukuma daga noma. Yau idan jikanka ya ce ka nuna masa dalar gyaɗa, sai dai ka nemo tsohon hoto. Da aka tashi neman irin da zai jure cutar, ina aka nufa? Samaru, bayan gidanmu, inda ake binciken noma tun 1922. Irin gyaɗa da masara da wake da kake tunƙaho da su a Dawanau, duba sunayensu da kyau, da yawansu da SAM suka fara. Ba sai ka gode ba, mun saba.

Tarihin kusa ma ai ba ka manta ba. A kakar 2024 ka cika sito har rufi, kana jiran bazara farashi ya haura ka yi dariya. Ashe tun watan Yulin shekarar gwamnatin tarayya ta sanar da janye harajin shigo da masara da alkama da shinkafa da wake na kwana 150. Aka shiga 2025, farashi ya kama gangara kamar kura ta kwance a kan tudu. Kai da ke kwana kana ƙirga buhu, ka koma kwana kana sauraron ƙwari suna ci maka wake. An ce mini har ramewa ka yi, hular ta fara yi maka yawa.

Ban yi maka dariya sosai ba, don mu ma ta shafe mu. Manomi ya sayar da buhun masara ya kasa sayen buhun taki sai ya yi ciko, wannan ba abin wasa ba ne. Ni kaina 'yar gonata buhu goma sha ɗaya ta ba ni, ko da yake a majalisa arba'in nake cewa, ka san mu da ƙarin gishiri. Na zauna ina ta ƙorafin kuɗin taki da na 'yan ƙwadago, sai wani dattijo da ya taso daga wajen Birnin Gwari, yana zaune a gidan ɗan'uwansa a unguwarmu, ya tambaye ni ko ni na je na kwaso amfanin da kaina. Na ce ƙwarai. Ya ce na kuma dawo na kwana a ɗakina? Na ce haka ne. Bai ƙara cewa komai ba, ya ci gaba da jan carbinsa. Shekara uku rabonsa da taka gonarsa saboda 'yan bindiga. Tun ranar idan na buɗe ɗakin ajiya na ga buhunan nan goma sha ɗaya, kunyar ƙorafi nake ji.

Ga kuma zakka. Manomin da ruwan sama ya shayar masa, in amfaninsa ya kai nisabi, wato sa'i 300, ɗaya cikin goma yake fitarwa, mai ban ruwa da wahalarsa kuma ɗaya cikin ashirin. A gona ake yi, ba takarda ba biro: a ƙirga dami tara a ware na goma, a aika wa gwauruwar da ke bayan masallaci, kowa ya kama gabansa. Kai ɗan kasuwa ɗaya cikin arba'in kawai aka ce, shi ma sau ɗaya a shekara, amma sai ka zaga malamai uku kana tambaya ko bashin da kake bin mutumin Maraɗi yana cikin lissafi, kana fatan na ukun zai faɗi abin da na farko bai faɗa ba.

Na san amsar da kake shiryawa. Za ka ce Bazazzagi sai cika baki, aljihu wayam. Za ka ce mu ne muke ce wa mace "ya zo", mun kasa raba jinsi a magana balle mu koya wa wani zaman duniya. Za ka ce ba don irinku masu sito ba, wa zai saye mana masarar a lokacin da kowa ke neman kuɗin biki? Wannan ta ƙarshen gaskiya ce, na ba ka ita, rubuta ranar don ba za ta sake faruwa ba. Ni ban ce ka rufe shago ba. Cewa na yi wuni ɗaya tak ka zo ka ga inda abin da ke cikin buhun yake fitowa.

Ranar Juma'a bayan masallaci ka hau mota a Unguwa Uku. In kun wuce Kwanar Ɗangora kun iso Tashar Yari, ka sauka ka sayi rake, kuma don Allah kada ka tsaya ciniki ka ba mu kunya, nan ƙasarmu ce. Zan tarye ka a Kwangila. Uwargida ta yi alkawarin tuwon sabuwar masara da miyar kuɓewa ɗanya, da kabewa a gefe. Wayarka za ta kwana a aljihuna, tiyarka kuma ka bar ta a Kano. Sai dai ka taho da kuɗin sharar da nake bin ka, na shekara biyu ne, kuma ba na karɓar rabi.