Ɗaliban Malam Angale a Birikitari

Ranar da na fara koyarwa a Yawunde, wani yaro ya ɗaga hannu ya ce mini "Misye". Kunnen Bazazzage kuwa "mushe" ya ji. Har na fara laluben bulala, sai aka ce ai girmamawa ce. Nan na gane cewa a unguwar Birikitari, inda Hausawa suka yi kaka-gida a inda aka taɓa buga tubali zamanin Turawa, Hausarmu ɗaya ce amma Turawanmu daban. Tun 1961 Kamaru take da harsunan gwamnati biyu, Faransanci da Ingilishi, sai dai a nan Ingilishin ɗan riƙo ne. Sunansa ma Angale, ni kuma Malam Angale.

Babban ɗalibina Alhajin Dubai ne, mai shagon shadda da atamfa. Ba ya zuwa sai saura kwana shida jirginsa ya tashi. Nahawu bai dame shi ba. "Malam, bar wannan surutun. Koya mini nawa ne, ya yi tsada, da ba zan ƙara ko sisi ba." In na ce akwai aikatau, ya ce shi ma yana da masu aikatau a shago. Kuɗin darasi kuwa yadi biyar ne na shaddar da ta ƙi fita, launin ɗorawa. Yanzu riguna uku gare ni, duk launin ɗorawa, har yaran unguwa suna hango ni tun daga Tsinga.

Sai ɗan boko mai harshen Faransa. Yana faɗin hula da hanya da hantsi garau, amma da ya shiga Ingilishi sai harafin "h" ya maƙale masa a maƙogwaro. Wata uku ban san ko yunwa yake ji ko fushi yake yi ba, don kalmomin biyu iri ɗaya suke fita daga bakinsa. Na koma ba shi burodi kawai, ko wanne ne dai zai lafa.

Wanda ya fi ba ni wahala shi ne Gwani Na-Iya. Ya yi shekaru yana sayen kaya wurin mutanen Bamenda a kasuwar Mokolo, ya kwashi Buroka son ransa, don haka ba koyo ya kawo shi ba, duba aikina ya zo yi. Ina rubutu a allo yana girgiza kai. "Malam, anya? Ba haka ake faɗa ba fa." Ajin kuma shi suke gaskatawa, saboda nasa ya fi daɗin ji, kuma a ganinsu Bahaushe ɗan'uwansu ina shi ina Ingilishin gaske?

Wata Hajiya kuwa ba ta karatu, ɗanta take rakowa. Tunda daga Najeriya nake, ta yanke cewa ni da Ali Nuhu tare muke cin tuwo. Duk hutun da zan tafi gida sai ta ɗora mini gaisuwa gare shi, da saƙon lesi daga Kantin Kwari, kuɗin kuma "in ka dawo, ɗana".

Mai tsire ne kaɗai ba ya cin bashi. A nan soya suke ce wa tsire, kuma da magariba hayaƙinsa ke jawo manyan motoci daga Bastos, unguwar jakadu. Buƙatarsa jimla ɗaya ce: yadda zai gargaɗi Bature cewa yajin nan ba wasa ba ne. Na koya masa, ya biya da tsinke huɗu da albasa. Washegari na wuce na tarar da wani Bature yana hawaye a bakin tukuba, fuska jawur kamar gauta. Na ce, "Ba ka faɗa masa ba?"

"Na faɗa, Malam. Bayan ya biya."