Mu Masu Wuƙa a Aljihu

Duk wanda ya saba bin layinmu bayan la'asar ya san majalisar da ke gindin darbejiya, dab da shagon Baba mai gyaran agogo. Wasu majalisu ƙwallo ce hirarsu, wasu siyasa, wasu tsadar shinkafa. Mu ma mukan taɓa waɗannan, amma da an kawo rake ko mangwaro hira ta juya. Kowa sai ya zura hannu a aljihu ya fito da 'yar wuƙarsa, ya miƙa wa na kusa ya duba, shi ma ya karɓi tasa. Mu masu tara wuƙar aljihu ne, irin mai ninkewar nan ta mutanen da, kuma ba ma jin nauyin faɗa.

A cikinmu akwai mai biyu, akwai mai goma, akwai Alhajin da ya ware akwati guda ya shimfiɗa ƙyalle a ciki domin su kaɗai. Amma yawa ba shi ke ba mutum baki a majalisar ba. Abin da muka yarda da shi shi ne wuƙar da ba ta aiki ba ta cikin lissafi. Da ita ake ɓare lemo, a tsaga goro biyu a ba baƙo, a yanke igiyar buhu, a fere rogo, a cire ƙaya a takalmi. Malamin allon unguwarmu da tasa yake feƙe alƙaluman kara na almajiransa, kuma in ka ga yadda yake tsaga bakin alƙalami da ɗan tsinin wuƙar, ba gaggawa, ba kuskure, za ka san hannun ya daɗe da sanin ƙarfen. In wani ya zo da sabuwa dal tana ƙyalli, Baba yakan juya ta ya ce, "Malam, ka kawo ta bayan ta ci mangwaron shekara guda, sannan mu yi maganarta."

Wadda ta fi jawo dogon zance ita ce ta direbanmu mai zuwa Maraɗi da Damagaram. Sunanta Douk-Douk, ƙirar garin Thiers na Faransa, garin da ya shahara da ƙera wuƙaƙe tun ɗaruruwan shekaru. Gidan Cognet ne ya fito da ita a 1929. Ƙotarta ba itace ba ce, fallen ƙarfe ne aka ninke biyu, shi ya sa take kwanciya lafe a aljihu har ka manta da ita. Gaba ɗayanta guntaye shida ne: ruwan wuƙar, ƙota, sifirin, ƙusoshi biyu da ɗan zoben rataye. Tun farko domin tsibiran tekun Fasifik aka yi ta, har aka zana wani dodon mutanen can a jikin ƙotar. Can ba ta karɓu ba, sai aka juyo da ita Arewacin Afirka, ta kuwa samu kasuwa, daga nan ta bi fatake ta gangaro ƙasashen da Faransa ta mallaka. Lokacin yaƙin neman 'yancin Aljeriya, tsakanin 1954 da 1962, hukumomin Faransa sun hana shigar da ita ƙasar. Abin da ke faranta mana rai shi ne ɗayan samfurinta, El Baraka. An yi shi ne domin Musulmi da ba sa son yawo da hoton dodo a aljihu, sai aka zana masa siffar adon nan na azurfa na Abzinawa wanda aka san garin Agadas da shi. Irin wannan ce a hannun direban. Duk ranar da ya fito da ita sai ya nuna zanen da ɗan yatsa ya ce wannan kam tamu ce, ko da a Faransa aka buga ta, kuma ni ban taɓa ganin dalilin musa masa ba.

Dattawan cikinmu kuwa Okapi suka sani. A Solingen ta Jamus aka fara ƙera ta a 1902, domin sayarwa a ƙasashen Afirka da Jamus ke mulka a lokacin, irin su Kamaru da Togo, kuma tun 1988 a Afirka ta Kudu ake yin ta. Ƙota ta itace, da ɗan adon wata da taurari, babbar kuma tana da zobe a baya wanda sai ka ja shi kafin ta rufu. Ƙarar da take yi in ana buɗe ta ita ce ke sa Baba murmushi, ya ce haka ta mahaifinsa take yi a gona. Ba wuƙar ƙawa ba ce, sau da yawa ma sai ka gyara mata baki da kanka kafin ta yi kaifi, amma tana jure wahala.

Ni Opinel ce tawa, lamba takwas. Joseph Opinel ya fara yin ta a 1890 a yankin duwatsun Savoie, a 1897 ya jera ta girma-girma daga lamba ɗaya zuwa goma sha biyu, a 1955 kuma aka ƙara mata zoben da ake murɗawa ya riƙe ruwan wuƙar kada ta rufe a kan yatsa. Ba ta da sifirin ko kaɗan, matsin itacen ƙotar ne ke riƙe ta. Wannan ya sa take bin yanayin garinmu. Da damina itacen ya kumbura, sai ta ƙi buɗuwa, dole ka ƙwanƙwasa gindin ƙotar a kan benci har tsinin ya leƙo. Da hunturu ya kama, itacen ya bushe, sai ta saki jiki tana buɗuwa da ɗan taɓi, ka riƙa murɗa zoben ko tana rufe domin kada ta buɗe a aljihu. Masu Opinel a majalisar kan ce ba sa buƙatar a faɗa musu ruwa ya kusa, wuƙarsu ta riga ta sanar da su. Wannan halin nata ne ya sa nake ƙaunarta. Abu ne da sai ka zauna da shi shekara ta zagayo kafin ka gama saninsa.

Akwai gardamar da ba ta ƙarewa a kan jar wuƙar nan ta Suwizalan, Victorinox, mai almakashi da abin buɗe gwangwani. Matasanmu na cewa ai ita ma ta gargajiya ce, tunda Karl Elsener ya buɗe maƙerarsa a 1884, ya fara ba sojan ƙasarsa wuƙa a 1891. Dattawa na cewa akwatin kayan aiki ce, ba wuƙa ba. An bar ta tana zama a majalisa, amma ba a gama yanke mata hukunci ba.

Gardamar da ta fi wannan zafi ita ce ta ƙarfe. Akwai baƙin ƙarfe mai yin tsatsa, akwai farin da ba ya yi. Masu farin suna cewa ba ruwansu da shafa mai da goge-goge. Mu masu baƙin muna cewa namu ya fi saurin ɗaukar kaifi, ko a gindin kofin tangaram ka goga shi sau kaɗan ya dawo. Kuma baƙin da yake yi bayan ya sha ruwan lemo da albasa ba lalacewa ba ce, wannan duhun shi ke tare jar tsatsa mai cin ƙarfe. Abin da ake so kawai ka goge ta da ka gama, kada ka mayar da ita aljihu da danshi, ka ɗiga ɗan man keken ɗinki a gaɓar, ruwan wuƙar kuma ka shafa masa man da ake ci tunda abinci zai taɓa. A kan washi kuwa bakinmu ɗaya: ba a kai wuƙar aljihu wurin mai injin gurza. Injin yana cinye ƙarfen, yana ɗumama bakin har ya yi laushi, wuƙar da za ta kai jikoki sai ta ƙare cikin 'yan shekaru. Dutse da ruwa da haƙuri, sannan a ƙarasa a bayan tsohuwar fata.

Wannan sanin washin shi ke sa unguwa ta tuna da mu in Babbar Sallah ta matso. Ana saura kwana biyu sai ka ga yara na ta zuwa da wuƙaƙen gida a naɗe cikin tsumma, an ce a kawo wa su Baba. Muna yi da farin ciki, ba ma karɓar ko sisi, domin addini ya yi umarni a wasa wuƙa a hutar da dabba. Namu na aljihu ba na yanka ba ne, amma wurin fiɗa da gyaran kayan ciki suna da ranarsu.

Duk da haka, ba mu manta a wane gari muke ba. Wanda aka taɓa tare shi da wuƙa aka ƙwace masa waya, ko uwar da 'yan daba suka illata ɗanta, in suka ji an ce ga masu tara wuƙa, gabansu zai faɗi, kuma suna da gaskiya. Shi ya sa muka tsananta wa kanmu. Ba a zuwa da ita makaranta, ko gidan biki, ko taron siyasa, ko kallon ƙwallo. Ba a fito da ita ana cikin musu, ko da goro za a tsaga, sai an huce. In za ka miƙa wa wani, a rufe, ko kuwa ƙota gaba. Yaro ba ya riƙe ta sai a gaban babba, sai ranar da aka ga ya iya tura kaifi nesa da jikinsa. A Ingila doka ta yarda mutum ya ɗauki mai ninkewa wadda ruwanta bai wuce inci uku ba kuma ba ta kullewa, ba tare da an nemi dalili ba. Mu ma kusan wannan awon muke bi in za mu fita nesa da layi, manyan kuma a bar su gida.

Alhaji ne ya ba mu labarin abin da ya faru a Japan, kuma ya zauna mana a rai. Suna da wata 'yar wuƙa, Higonokami, ƙirar garin Miki tun ƙarshen ƙarni na 19, wadda yaran makaranta ke feƙe fensir da ita. A watan Oktoba na 1960 wani yaro ɗan shekara 17 ya kashe ɗan siyasa Inejiro Asanuma da gajeren takobi a bainar jama'a. Sai aka tashi gangamin raba yara da duk wani abu mai kaifi, wuƙar fensir ta fita daga makarantu, maƙeranta da yawa suka rufe. Ba ita ta yi kisan ba, amma ita ta biya. Malamin allo da ya ji haka sai ya ce, "Alhaji, ashe in ba mu tsare mutuncin abin nan ba, wata rana almajiri ma sai ya rasa abin feƙe alƙalami."

Abin da ke damuna ni kuma daban ne. Duk wuƙaƙen nan da muke alfahari da su daga ƙetare suke, alhali ga maƙeranmu nan suna fitar da wuƙa mai kyau daga tsohon sifirin mota, ga dukawa suna yi mata kube da jar fata. In mun nemi mai ninkewa sai a ce sifirin ɗin baya ne ke da wuyar daidaitawa. To ai Opinel da Higonokami ba su da shi, ƙusa ɗaya ce da matsi. Da wannan hujjar muka haɗa kuɗi muka je wurin wani maƙeri da Baba ya sani, muka ajiye masa su biyun a kan uwar maƙera. Ya buɗe, ya rufe, ya auna kaurin da farce.

"Baba, wannan ai ba ta fi ƙarfina ba," in ji shi. "Ƙotar kirya kuke so ko ƙaho?"

Nan ma sai da muka rabu biyu, a ƙarshe aka ce ya yi kowanne. Ni na roƙe shi ya buga tambarinsa a jikin ruwan wuƙar kamar yadda na Thiers da Solingen ke yi, ya ce bai taɓa yi ba amma zai sassaƙa ɗaya. Ya nemi a ba shi zuwa bayan Sallah, saboda yanzu masu wuƙar yanka sun cika masa maƙera.