Wai Wa Ya Tsara Gusau?

To, 'yan gardama, ku gyara zama. Kun ce Gusau ba wanda ya tsara ta, tsirowa kawai ta yi kamar tafasa a bayan gida. Haba, Malam! Ko kakanka ba zai yarda da wannan zance ba.

Jirgin ƙasa ne ya fara ja mata layi. Turawa suka shimfiɗa dogo daga Zariya, ya ratsa Gusau ya dire Ƙaura Namoda a 1929, ba don son mutanen Zamfara ba, don gyaɗa da auduga. Kantuna suka bi tasha, baƙi suka bi kantuna. Tsari ne, sai dai ba da ku aka yi shawara ba.

Sojoji ma sun yi nasu a takarda. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye a hannun gwamna, doka mai lamba 88 ta 1992 ta ce tarayya da jiha da ƙaramar hukuma kowa ya tsara nasa yanki. Sai ga ranar 1 ga Oktoba, 1996, Janar Sani Abacha ya yanke Zamfara daga Sakkwato. Gusau ta kwana garin 'yan kasuwa, ta wayi gari babban birnin jiha. Kafin farar hula su karɓa a 1999, kowane ɗan Tsafe mai ɗan abin hannu ya fara neman fuloti a bakin titi.

Na ga wani can yana murmushi, ɗan Kwatarkwashi ne. Kai kam an yarda ka yi dariya. Ƙaramar hukumarka Bunguɗu ce, amma in za ka je hedikwata sai ka keta Gusau gaba ɗaya, ka sha cunkoso, ka fita ta hanyar Sakkwato. Wanda ya zana wannan iyaka bai taɓa biyan kuɗin mota ba.

Sauran ku fa? Alhaji, kai da ke cewa gwamnati ba ta da tsari, wa ya auna maka filinka? Dillali ne, da igiya da turaku huɗu. Ya ce maka nan titi zai bi, ka ce a rage shi, ai babur na wucewa. Ka ɗora shago kan magudanar ruwa, damina ta shigo maka har ɗaka, ka fito kana neman kwamishina. Ranar da ma'aikatan tsara birane suka shafa wa katangarka jan fenti kuwa, kai ne farkon zuwa gidan ɗan majalisa da asuba.