Buga mata, za ta kawo

Mu masu tsofaffin motoci ba ma tunawa da fitila sai duhu ya rufa. Da rana kowa gwani ne, ana zaune a gindin dalbejiya ana yabon 504 haɗin Kaduna, ko Golf 2 da ta sha ƙanƙarar Jamus kafin ta zo shan ƙurarmu. Sai an idar da isha'i za a kama hanyar Wudil, a murɗa makunni, shiru. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, mu dai ranar muke fafe namu.

Maganin farko duka ne. A ɗaka wa dashbod tafi, a girgiza sandar da ke jikin sitiyari, a fita a mari gilashin fitilar, fasinjan gaba yana ba da umarni: “Direba, buga mata ta nan, za ta kawo.” Abin haushin, wani lokaci tana kawowa, sai mu ɗauka mun gyara. Alhali fitilar da ke ƙiftawa in an taɓa makunni ta riga ta faɗi inda ciwon yake.

Daga nan sai zargi. Ƙwan fitila ne ke fara shan tsinuwa, sai batir, sai yaron da ya wanke mota jiya, wani ma har da bakin mutane. An bar jaki ana dukan taiki. Yo ƙwai biyu za su haɗa baki su mutu dare ɗaya? Rewayan unguwa, wanda jarinsa bai wuce sukundireba da 'yar tasta ba, ya san kan abin. In ido ɗaya ne ya mutu, a duba ƙwai, ko fis ɗinsa, ko wayar da aka ɗaure a jikin bodi ta yi tsatsa. In biyun suka tafi tare, a koma cikin mota. In dim na kawowa ful ya ƙi, abin sauya su ne ya gaji. In ka ja sanda ta yi filashin amma ka murɗa makunni ba labari, ka kama ɓarawonka, domin filashin hanyar wutarsa daban. Rewaya zai ɗora tasta a ƙafar makunni da wuta ke shiga, ta haska. Ya kai ƙafar da take fita, duhu. Motocin Jamus ma lambobi ne a jiki, 56a ful, 56b dim, shi kuma da ko Legas bai taɓa zuwa ba ya haddace su kamar lambar wayar matarsa. Sai dai ba ma zuwa wurinsa sai mun gama cika aljihun mai sayar da ƙwai.

Kuma fa mu muka kashe makunnin nan, kada a yi ta ɗora wa tsufa. Ƙwan da aka yi motar da shi wat 55 ne a dim, 60 a ful, ƙwai biyun suna jan wajen amp 10, kuma a da yawa daga motocin nan duk wutar ta cikin 'yan ƙarafan makunni take bi, babu rile a tsakani. Mu kuwa sai mun sa mai wat 100, don wanda ke tahowa ya san da mu. Makunni ya yi zafi, roba ta narke, ƙauri ya cika mota, mu sauke gilashi muna cewa wani ke ƙona bola. Fis ya yanke don ya cece mu, mu naɗe shi da takardar kwalin taba, muna alfahari wai yanzu ba zai ƙara yankewa ba. Ba zai ƙara ba kam, waya ce za ta kama da wuta a madadinsa.

In rewaya ya ce a je Ƙofar Ruwa ko Panteka a nemo makunni ɗan beljiyam, a ƙara rile biyu, nan take muke tunawa da kuɗin makarantar yara. “Haba oga, yi mini dabara mana.” Shi ma ɗan unguwa ne, ya san aljihunmu. Sai ya jawo waya daga batir kai tsaye, ya huda dashbod ya maƙala makunnin ɗaki, farin nan na bango, da babu gara ba daɗi. Wani ko wannan bai samu ba, wayoyi biyu ne ke lilo a ƙarƙashin sitiyari, in dare ya yi a murɗe su, in an isa a raba. Ranar da aka manta ba a raba ba, da asuba duk 'yan layi za su fito turi, har da ladan.

Laifi tudu ne, mu ɗin nan in muka haɗu da mai ido ɗaya a hanyar Zariya muka ɗauka babur ne, har mu isa gida muna Allah wadai da shi. In kuwa 'yan rodi sefti suka tare mu suka ce a kunna, sai mu leƙo ta taga da mamaki cike da fuska: “Ikon Allah! Yallaɓai, jiya-jiyan nan da hannuna na sa sabon ƙwai.”