Girman Mota, Kukan Farfela

A Gyaɗi-Gyaɗi yanzu, mai Hilux ba ya jin ya cika Alhaji sai ya ɗaga motarsa sama ya sa mata manyan tayoyi, alhali dutsen da take hawa bai wuce gadar Dangi ba.

Ba a jimawa sai ta fara karkarwa a ƙarƙashin kujera, musamman wajen tashi daga tsaye. Alhaji ya zargi taya, ya zargi titi, har maƙiya sai da aka ambata.

Bakanike kuwa kwanciya kawai zai yi ƙarƙashinta ya girgiza farfela. In ta yi wasa a tsakiya, robar da ke riƙe boris ɗin ta yage. Ɗagawar ce ta karkata farfelar, ta bar robar da wahala.

"Alhaji, ko sabo fil ka sayo a Ƙofar Ruwa, zai sake mutuwa. Sai mun sa ƙarfe mun sauke mazauninsa kaɗan, mu duba kuros."

"To, ban da sauke motar dai."

"Ranka ya daɗe, wa ya isa!"

Kuɗin aiki ma an ɗaga shi daidai tsayin motar.